Tagogin da Suka Raba Ni da Aiki

Yaya Habibatu,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Baba, yaya yara? Ni lafiya lau nake a unguwar Moshi Zango.

Sai dai aikin ofishin zanen gine-gine ya ƙare. Shekara biyu ina zana tagogi a kwamfuta, waɗanda in an canza faɗi sai su daidaita kansu. Na gwada kowacce har ta daina kuskure. Ran Litinin mai ofishin ya ce, "Suraj, ka gyara su sosai, yanzu kowa zai iya." Ya sallame ni.

Na zaga ofisoshin unguwar Adum neman wani aiki, shiru. Kada ki gaya wa Baba tukuna. Kullum ina goge riga in fita, don kada maƙwabta su gane.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Suraj