Abin da Baban Surayya Ya Yarda Ya Ci

Panyu, Guangzhou

Zuwa ga Yayata Saude,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ba Inna sauƙin ciwon ƙafa, Ya saka miki da alheri bisa riƙon Surayya. Na ga hotonta da kayan Islamiyya, ta yi tsawo har na kasa daina kallo.

Yaya, Baban Surayya ba shi da lafiya. Bayan Babbar Sallah ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Canaan yana duba wa wani kaya, abokan sana'arsa suka kai shi asibiti. Likita ta ce ciwon sukari ne da hawan jini, sun daɗe a jikinsa. Aka sallame mu da magani, aka ce ya rage shinkafa da mai da gishiri. Ya hana ni faɗa wa kowa a gida, musamman Hajiyarsa. Kin san shi da tuwo da miyar da ta ji man ja. Na dafa ganye irin na mutanen nan, ya ce warin asibiti yake yi. Na yi faten wake, ya taɓa kaɗan ya ture. Wandunansa duk sun yi masa yawa. Ni kuwa da safe in shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har unguwar Baiyun in tsaya a kan kayan mutane wajen masu kargo a madadinsa, in dawo ƙafafuna a kumbure, bangon ɗaki yana zufa saboda damshin garin nan, in sake tsayuwa a kicin a kan abin da na san ba za a ci ba. Na gaji, Yaya, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Muna da maƙwabciya, Ummu Yasir, wata dattijuwa 'yar Siriya da ke zaune wajen ɗanta. Ta gan ni na fito zubar da abinci idona ya yi ja, ta riƙe min hannu. Da guntun Larabcina na Islamiyya da nuni muka fahimci juna. Ta ce ita ma ta yi jinyar miji, kuma bakin mara lafiya tsami yake nema. Ta faɗa min yadda suke wani haɗi da suke kira fattush, ta ba ni gurasarsu ta jiya, mai faɗi, sirara fiye da tamu. Sai dai garin summaƙ, wani jan gari mai tsami da suke barbaɗawa, nata ya ƙare. Na zaga shagunan unguwa, kowane mai shago ya kaɗa hannu ya ce "meiyo", babu. Na dawo na daka busasshen zoɓon da kika aiko min na tankaɗe. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta yi dariya, ta ce zai yi.

Na yayyaga gurasar na gasa a kasko har ta yi ƙaras-ƙaras, ban soya ba saboda shi. Na yanka tumatir da kokwamba da latas da albasa mai lawashi, na tsinke na'a-na'a da hannu kamar yadda ta nuna. Na matse lemon tsami a kan tafarnuwa da ɗan man zaitun da garin zoɓon. Ta gargaɗe ni kada in zuba gurasar sai zan kai gabansa, in ba haka ba za ta jiƙe ta zama fate. Duk a zaune na yi aikin, bayana ya ƙi tsayuwa.

Na ajiye masa na koma bakin ƙofa, don ba na son in ga ya ture. Sai na ji ƙarar gurasa a bakinsa. Ya ci fiye da rabi. Daga baya ya ce ya yi masa kama da kwaɗon da Hajiya take yi musu suna yara, ƙuli-ƙuli kawai ya rasa. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce in sa a faɗa mata, ya gaji da yi mata muryar mai lafiya a waya.

Don haka ina roƙon ki, ki shirya ki je Gwammaja wajen Hajiya da kanki, ki zauna kusa da ita kafin ki fara. Ki ce mata yana shan magani, kuma ya fara cin abinci. Da zarar kayan da ke hannunmu sun tashi za mu taho gida. Ko za mu dawo nan, ban sani ba, kuma ban tambaye shi ba.

Ki gaishe min da Inna da Kawu Badamasi da Rahila da mai jego Altine. Ki rungume min Surayya, amma kada ki faɗa mata zuwanmu tukuna, sai mun riƙe tikiti a hannu. A sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Saffana