Irin Masarar da Na Ɓoye wa Baba

Zuwa ga yayana Nathan,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali a Fatakwal. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki. Mu nan Kwali lafiya lau, ƙafar Mama ta yi sauƙi, sai dai zafi ya hana kowa sakat. Ni kuwa tun safe nake kai da komo, na kasa zama, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna a watan Maris ka kira Baba ka ce wayarka ta nuna za a yi mako guda ana ruwa a Abuja? An yi, amma a cikin gari. Masu gyaran mota a unguwar Apo sun jiƙe sharkaf, mu da ke wajen gari yayyafi ɗaya muka samu. Ka fi kowa sanin yanayin nan: ruwan farko yana kwantar da zafi ne kawai, sai rana ta dawo da ƙarfinta, damina ba ta zama sai wajen ƙarshen Afrilu. Baba da bai taɓa shuka ba sai ya tura hannu cikin ƙasa ya ji laima har wuyan hannu, ya kuma ji kukan kwaɗi a fadama, ranar ko sunkuyawa bai yi ba. Ya ce ɗansa mai ilimi ya gani a waya, ya je ya shuka masara. Masarar ta tsiro da kyau, kwana goma sha biyu ta ƙone ƙurmus.

Ya hana mu gaya maka, wai kada ranka ya ɓaci. To ni nawa ya ɓaci. Irin da ya rage kwano ɗaya ne, farar masarar nan ta kakanmu da ba a samu a kasuwa. Jiya ka sake kira da wani labarin ruwan, yau da sassafe na ga Baba yana wasa fartanya. Na sauke irin daga rataye na ɓoye a tsohon tulun Mama. Yana ta nema, ni kuma ina yi wa mahaifina ƙarya, abin yana ci mini rai.

Don Allah ka kira shi, ba don ka ba shi labarin ruwa ba. Ka tambaye shi yaushe za a yi shuka bana. Shekara biyu ke nan ba wanda ya yi masa wannan tambayar. Ranar da na ga ya tura hannu cikin ƙasa, zan fito masa da irin.

Ka gaida Juliet da ƙaramin Abednego. Mama tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Margaret