Keken da Ba Ya Barin Falo

Utako, Abuja
14 ga Afrilu, 2012

Zuwa ga yayana Alhaji Manniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara girma da nisan kwana. Mu nan sai godiya. Uwargida Rakiya tana nan ƙalau, Tawfiq ya shiga jami'a, kasuwar tayil kuwa ta buɗe, don garin nan kullum gini ake yi.

Yaya, albishirinka! Amma bari in faro daga tushe. Wata uku da suka wuce likita ya auna ni, ya ce sukari ya yi yawa a jinina, irin ciwon da ya kwantar da Baba. Ya ce ko in motsa jiki ya sauka, ko in fara yi wa kaina allura kullum. Ka san ni da allura. A ranar na sayi keke, washegari bayan asuba na hau titi. Kwana biyu kawai na yi, sai ga Alhaji Mato, maƙwabcin shagona, ya ja ni gefe yana magana ƙasa-ƙasa, wai ya ji labari, in yi haƙuri haka kasuwa take, zai ba ni aron mota kafin Allah ya kawo sauƙi. Ni da na shigo Abuja da jakar leda, yau nake da sito a Idu! Na jingine keken a gareji.

Andrew, mai shagon da na sayi keken, shi ya nuna min dabara. Wani ƙarfe ne mai ƙafafu, a ɗaure tayar baya a tsakiyarsa ta zauna kan wani ɗan ƙarfe mai juyawa, sai ka yi ta tuƙi kana wuri ɗaya. Ya ce zai zo ya haɗa min, na ce wanda ya yi shekara bakwai yana tallan atamfa a keke ba ya bukatar malami. Na shimfiɗa tabarma a falo, na ɗaure shi da sifana da hannuna, ko takardar bayanin haɗa shi ban buɗe ba. Sai na hau yadda ka koya min a ƙofar gida: ƙafar hagu kan feda, a tura da ta dama, a wurga ƙafa ta baya. To keken ba ya tafiya, Yaya. Ni na tafi. Muka kife tare kan teburin tsakiya, hulata a bayan talabijin. Rakiya ta tabbatar ban karye ba tukuna, sannan ta ce girman kai rawanin tsiya, ta kira Andrew da wayata.

Da ya zo ya ce oga, wannan a tsaye ake ƙetara shi a zauna kamar kujera. Ya sa katako ƙarƙashin tayar gaba, ya canja ta baya da mai santsi, don da ya gwada ta farkon ƙara take kamar injin niƙa, har Rakiya na cewa maƙwabta za su fara aiko da masara. Tun daga nan ban fasa ba ko rana ɗaya: minti arba'in bayan asuba, fanka a gabana, rediyo a gefe, gumi kamar ina noma. Wallahi daɗi nake ji kamar ina ɗan shekara ashirin.

Jiya na koma asibiti. Likita ya duba takarda sau biyu, ya ce sukarin ya sauka sosai, zancen allura a ajiye shi, in ci gaba da ƙwayar magani da keken kada in daina. Alhamdulillahi! Na ɓoye muku ne don kada hankalin Inna ya tashi, ta tuna jinyar Baba. Yanzu ka zauna ka gaya mata, amma don Allah ka fara mata da ƙarshen labarin.

Ka gaishe min da Inna da kyau, da Yaya Lantana, da Larai da yara. Rakiya tana gaishe ku.

Naka ƙane,
Alhaji Hadi mai tayil