Hoton Wanda Ya Kashe Ka

Zuwa ga Yayana Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kabarinka ya zama dausayin Aljanna. Gida lafiya, in ban da Umma.

Ka san al'adar gidanmu na unguwar Rusaifa, nan kusa da Harami. Da zarar an katse shiri a talabijin an ce an kai hari a ƙasar Turawa, sai Baba ya ajiye kofin shayi ya ce, "Allah Ya sa maharin ba Musulmi ba ne." Mu amsa da amin. Mun san abin da ke biyo baya in sunansa ya yi kama da namu: kafin a ɗauke gawarwaki an kira shi ɗan ta'adda, an haɗa da addininsa da gemunsa da mu duka. Masu kisa da sunan Musulunci, Allah Ya isa tsakaninmu da su. Saboda irinsu ka aske gemu da ka tafi karatu can, har na riƙa tsokanarka wai ka koma ɗan firamare.

Ranar Juma'ar nan ma mun yi addu'ar. Da aka nuna fuskar Bature mai ƙyamar baƙi, wallahi har hamdala muka yi. Ba a jima ba aka ce masallaci ya shiga. Muka yi ta kiran wayarka.

Yaya, sati guda masu labarai suna ba mu tarihinsa. An nuna hotonsa yana yaro rungume da kare. Maƙwabta sun ce shiru-shiru ne. An kawo likita ya yi bayanin kaɗaici da damuwa. Kai kuwa, ka shiga cikin "waɗanda abin ya rutsa da su". Raina ya ɓaci, har yau bai huce ba.

Kullum kana cewa, "In na mutu, a Harami za a sallace ni, kalas, magana ta ƙare." Sai ga shi can ƙasar Turawa aka binne ka cikin sanyi.

Umma ta ƙi yarda a canza tashar. Bayan la'asar takan zauna da hotonka a cinya, tana jiran su nuna naka kamar yadda suka nuna nasa. Jiya ta tambaye ni ko don ba mu aika musu ba ne. Na tashi na ɗora shayi.

Allah Ya gafarta maka, Ya karɓi shahadarka, Ya ba Umma haƙurin da ni na kasa samu.

Ƙanwarka mai kewarka,
Rahma