Mazubin da Ba a Miƙawa da Sanyi

Garki, Abuja

Zuwa ga Yaya Tanko,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana lulluɓe da kai a makwancinka. Yau Alhamis. Jikin da sauƙi-sauƙi: tarin ya ɗan lafa da safe, amma ƙafafun sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, rawar hannun dama kuma sai ƙaruwa take yi. In ka ga rubutun ya karkace, ba laifin alƙalami ba ne.

Na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ɗauko takarda. Ɗanka Sani ya ce yau zai zo ya karɓi mazubin harsashinka da ka bar mini amana. Tun da hantsi na hura kurfoti a baranda, na ɗora mazubin a gefen garwashi, na ajiye ɗan curin dalmar da ka rage a kusa. In zauna, in tashi, in leƙa titi, in dawo in ƙara gawayi. Haka na wuni.

Dole sai yau, Yaya. An sayar da gidajen ma'aikata, wanda ya sayi nawa yana son abinsa. Gobe da safe 'yata Hadiza za ta dawo ta tafi da ni Kano. Ta riga ta ɗaure kaya, ta ware abin da ba za a ɗauka ba, mazubinka kuma yana cikin abin da ta ware. Mijinta ya ce ba za a shigar masa da kayan bindiga gida ba, ko da tsatsa ta cinye su. Ban ga laifinsa ba, zamani ya lalace. Amma ka san abin da aka bari a bakin ƙofa a garin nan baban bola ke kwashewa, ya kai sikeli a auna shi da tsofaffin gwangwanaye.

Bindigar ba ta hannuna. Bayan rasuwarka na kai ta ofishin 'yan sanda tare da lasisinta, kamar yadda ka ce. Har yau ina jin ƙarar mariƙin nan nata na ƙasa, wanda kake ja ka mayar, ta tofar da kwanso ta haɗiyi sabo. Baturen kwangilar da ya sayar maka da ita bai gaya maka ba a samun harsashinta a ƙasar nan ba, sai da ya hau jirgi ka gano. Wani da ya rataye ta a bango. Kai kuwa ɗan maƙera ne, ka ce abin da hannu ya yi, hannu zai sake yi.

Tun daga nan ba ka taɓa barin kwanso a daji ba, domin shi kake sake cikawa da harsashin da ka zuba. Ka tuna ranar da ka harbi gada ka kuskure, ta tsaya tana kallonmu, mu muna ta raɗa maka ka sake, kai kuwa kana rarrafe cikin ciyawa kana neman kwanson da ya faɗi? Gadar ta gaji da jira ta yi tafiyarta. Ka ɗago da abinka a hannu ka ce, "Gada za ta haihu, kwanso ba ya haihuwa."

Lokacin duk wajen nan daji ne. Inda tasi masu kore da fari ke ta hon a bakin kasuwar Wuse yanzu, nan muke bin sawu. Kai kana gareji, ni ina ofishin safiyo. Ranar Asabar mu zauna a gindin ɗorawa bayan sansanin ma'aikata, kai kana zubi, ni ina fifita wuta. Ban taɓa zama maharbin kirki ba, idona bai da nisa. Amma wuta ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba, kai ma ka sha faɗa.

Ɗazu na ɗauki mazubin da tsumma na duba cikinsa. Tsagar nan tana nan, wadda ke bar wa kowane harsashi zane ɗaya a gefe, kamar billen da ke kumatunka. Saboda ita ba a jayayya da kai. Ranar mazon nan da ku uku kuka harba tare, kowa yana rantsuwa nasa ne ya kayar da shi, kai ka jira har aka feɗe. Aka zaro harsashi, ga bille. Cinya ta zama taka bisa al'adar maharba. Ka ɗauke ta a kafaɗa, ba ka nufi gidanka ba, sai ƙofata, domin ka ji maiɗakina, Allah ya ji ƙanta, tana da juna biyu kuma ba abin da ke zama a cikinta sai romo. Cikin Hadiza ne. Jiya na so in gaya mata wannan, lokacin da ta tura mazubin gefe da ƙafa, amma waya na kunnenta.

Na sake tashi yanzu. Mota ce ta tsaya, amma ta maƙwabta ce.

Ka san abin da ya hana ni aika masa da shi a leda tun tuni. A gidanku na maƙera ba a miƙa kayan aiki da sanyi. Sai an sa shi a wuta, mai karɓa ya yi aiki da shi a gaban mai bayarwa, sannan ya zama nasa. Abin da ka kama hannuna ka gaya mini ke nan a asibiti, Sani yana can wajen karatu: "Riƙe wa yaron nan. Kada ka ba shi da sanyi." Na amsa da to, ban san to ɗin zai yi tsawo haka ba.

Ba wai ya ƙi ba ne. Yaron kirki ne, yana ma'aikatar gwamnatin tarayya, yana zaune a Nyanya da iyalinsa. Yakan aiko mini da shinkafa da azumi. Amma duk lokacin da na ambaci mazubin sai ya yi dariya ya ce shi ko kaza bai iya yankawa ba. Na ce masa ba don harbi ba ne. Guda ɗaya tak zai zuba, ya jira ya huce, ya ga billen ubansa a tafin hannunsa, ya jefa a aljihu. Shi ke nan na sauke nauyi. Da azahar ya bugo waya ya ce ogansa ya riƙe su a mitin. Da la'asar ya ce ya fito, amma gosulo ya tsaya cak. Tun daga nan wayar ba ta shiga.

Maman Joy ta saman bene ta leƙo sau biyu. Ta ce, "Baba, hayaƙi naka yana shiga ɗaki namu, kuma likita ya hana ka!" Gaskiyarta ce, ƙirjina ya fara kukan nan nasa. Na ba ta haƙuri, na ce baƙo nake jira. Ta dube ni, ta dubi kurfotin da ba tukunya a kai, ta koma ciki. Can sai ga ta da ɗan gawayi a roba. Shi ne na ƙarshe, kuma shi nake ƙonawa yanzu.

Na yi tunanin in zuba da kaina in bar masa a wurinta. Na ɗaga ludayin zuba dalmar, hannun ya yi ta kaɗawa, na mayar. Ko da ma bai kaɗa ba, ba haka ka ce ba. Ni mai fifita ne, Yaya. Zubin na gidanku ne.

Ina kewarka. Duk waɗanda suka san garin nan yana daji sun tafi, saura ni, ni ma gobe za a ɗauke ni. Da kana nan da ka yi mini tsiya, ka ce Malam Akawu ya tsufa yana gadin garwashi.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya wa gidana ranar da ba mu da komai. Allah ya shirya mana Sani, ya buɗe masa hanya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ba da amanar kowa a wuya ba.

Naka, ƙaninka mai fifita wuta,
Iliyasu

An kira magariba. Garwashin ya zama toka. Na jira mazubin ya huce daidai yadda fata za ta iya ɗauka, na naɗe shi a hankici, na sa a aljihun ƙirji, cikin 'yar shara. Mijin Hadiza kaya ya ce ba za a shigar ba, ba na jin zai laluba jikin surukinsa. Ɗumin da ya rage mini ba shi da yawa, amma ba zan bari ya yi sanyi ba.

Sani bai zo ba.