Ƙarar da Kika Ji a Wayata

Mount Isa, 9 ga Yuni, 1997

Zuwa ga 'yata Narelle,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya ke da mamanki. Yaya ƙafar Kaka?

A wasiƙarki kin ce kin buga mini waya kin ji ƙara kamar ana goga ƙarfe, kin ɗauka layin ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Kwamfutata ce ke amsawa, tana jiran wata kwamfutar ta bugo ta bar saƙo a allon saƙonni da na buɗe wa ɗalibaina a cikinta. Layi ɗaya gare ni, na bar mata shi.

Ina nan lafiya, kada ki damu. Sai dai yaran duk sun koma intanet. Wanda ya rage shi ne tsoho Clarrie, da ya yi ritaya daga haƙar ma'adinai. Kullum sai ya rubuta, "Malam, har yanzu akwalar nan taka ba ta mutu ba?" An binne shi makon jiya. Tun ranar sau ɗaya wayar ta yi ƙara. Na taso da gudu, aka katse. Ashe ke ce.

Na kasa kashe allon, saƙonninsa na ciki. Ki roƙi malaminku kwamfutar makaranta, ki sake bugowa da ita. In kin ji ƙarar, kada ki katse. Ki rubuta ko da "Kawu" ne.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Desmond