Sha'irin Bayan Gidanmu

Adama, 14 ga Janairu

Yaya Fayisa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Baba da Inna. Yaya ƙafar Inna da wannan sanyi na Bekoji?

Bayan haka, an ware sha'irin Baba gefe guda, ba a jiƙa shi tare da na sauran manoma shida ba. Na rubuto ne saboda duk sanda na buga waya Baba yana kusa da kai.

Ka san shekara biyu na yi ina roƙon Ato Wondimu, shugaban ɗakin dafa giyarmu, ya bar tsiron sha'ir da ake shigowa da shi daga waje, mu yi sabuwar farar giya da sha'irin garinmu. Bana ya yarda, da sharaɗi: in ta yi hazo a kwalba ko sau ɗaya, a koma wa na waje. Baƙar giya tana ɓoye laifin tsiro. Fara ba ta ɓoye komai.

Sha'irin Baba ya fi na kowa kyan gani. Amma da na tsaga ƙwaya hamsin, fiye da rabi cikinsu ƙyalli suke kamar gilashi, maimakon farin gari. Awo ya nuna furotin goma sha uku da rabi cikin ɗari. Iyakarmu sha ɗaya da rabi. Abin da ya haura haka shi ke zama hazo in giya ta yi sanyi.

Gonar gangare, inda Baba ya saba shuka shi, ba ta taɓa ba da irin wannan ba. Don Allah faɗa mini gaskiya, ina Baba ya shuka shi? Kada ka ce masa komai tukuna.

Ƙanwarka,
Gadise

Adama, 2 ga Fabrairu

Yaya Fayisa,

Ina gaishe ka da gida duka. Na ji daɗi da Inna ta fara zuwa kasuwa da ƙafarta.

Wasiƙarka ta iso, sau uku na karanta ta. Ashe filin bayan gidanmu ya kai shi, inda shanu suka shekara goma suna kwana, ya kuma ƙara kai taki a kan jaki. Lokacin da na zo na ce masa sha'irin giya ba ya son ƙasa mai ƙiba don tana ƙara masa furotin, dariya ya yi, ya ce, “Karatun naki abin da ya koya miki ke nan, a bar ƙasa da yunwa?” Na ɗauka wasa ne, na bar maganar. Laifina ne, ya kamata in zauna in nuna masa. Ka ce ya gaya wa maƙwabcinmu Obbo Dabala wai giyar 'yarsa ba za ta fito daga gonar tsiya ba. Tun da na karanta wannan layin hankalina bai kwanta ba.

Ato Wondimu ya tauna ƙwaya biyu ya tofar, ya ce, “Injiniya, wannan ai na kiwon doki ne. Waye mai shi, in ba shi lambar yabo?” Na ce mahaifina ne. Sai ya ce tunda ni ke sa hannu, in cusa shi cikin na sauran, shi bai gani ba. Na ƙi. In giyar ta yi hazo, ba Baba kaɗai zai rasa ba, gidaje shida ne za su koma sayar da sha'irinsu a kasuwar dabbobi.

Ga abin da muka shirya. Za mu tsirar da kaɗan, mu dafa tukunya uku ƙanana: ɗaya babu na Baba, ɗaya da kashi ɗaya cikin biyar, ɗaya da kashi ɗaya cikin uku. Shi zai sa musu lamba ya riƙe takardar, don kada idona ya yi mini son kai. In mai kashi ɗaya cikin biyar ta fito garau, za mu karɓi na Baba a hankali har ya ƙare.

In ya tambaya, ka ce ana gwaji. Ba ƙarya ba ce.

Taka,
Gadise

Adama, 16 ga Maris

Yaya Fayisa,

Barka da azumi, ina gaida kowa. Gasasshen sha'irin da Inna ta aiko ya iso.

Yau da safe na fito da kwalaben daga ƙanƙara na ɗaga su a haske. Mai lamba ɗaya garau, ana karanta jarida ta cikinta. Ta uku ta yi hazo sosai. Ta biyu ce ta tsayar da ni: akwai ɗan dishi-dishi, in ta ɗumama ya tafi, in ta yi sanyi ya dawo. Na rubuta “ba ta wuce ba”, na sa hannu.

Ka ce wa Baba ina tafe ranar Laraba. Ko me sakamakon ya zama, ni zan faɗa masa, a gonar, ba a gaban maƙwabta ba. Ka samo mini awon gonar gangare saboda shukar baɗi, kuma kada kowa ya kai mata taki kafin in zo.

Ato Wondimu ya tafi Addis Ababa da takardar lambobin a aljihunsa. Sai Litinin zai dawo, kafin nan ban san wace lamba ce ta wace tukunya ba. Kwalba ɗaya ce kawai ta wuce, kuma ban san ko da ƙwayar Baba a cikinta ba.

Ka gaida Inna.

Ƙanwarka,
Gadise